Ɗan fari zai tafi wajen iyayensa a Ingila bayan shekara tara: baƙo ne ko ɗan gida?

Bappan yaro, Jekadafari:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar dattawa da iyaye mata na wannan zaure a kan wani lamari na gidanmu a nan Gombe, kuma sai da na nemi izinin masu lamarin kafin in kawo shi nan. Yayana likita ne, ya tafi aiki Ingila a shekarar 2016 tare da matarsa da ƙananan 'ya'yansu biyu, suka zauna a birnin Manchesta, inda aka ƙara haifa musu mace. Ɗansu na fari bai bi su ba, domin tun da aka yaye shi yana hannun mahaifiyarmu kamar yadda aka saba yi da ɗan fari a wajenmu, kuma a lokacin yana da shekara 16, yana aji biyar na sakandare, saura 'yan izu kaɗan ya kammala hadda. Aka ce a bari ya gama tukuna. Kafin a waiwayo ya haura shekara 18, damar shiga ƙasar a ƙarƙashin takardun mahaifinsa ta wuce. Ya yi digirinsa a Jami'ar Tarayya ta Kashere, yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022 ya ci masa kusan shekara ɗaya da rabi, ya yi hidimar ƙasa a jihar Bauchi, yanzu kuma yana da shekara 25 ya sami gurbin digiri na biyu a garin da iyayensa suke, zai tashi a watan Satumba.

A cikin shekaru taran nan sau uku kawai suka zo gida, kuma ba su taɓa wuce mako huɗu ba. Yayana ya kira ni yana murna, amma a ƙarshen maganar ya tambaye ni abin da yaron yake so da abin da ba ya so, sai na ji wani iri, domin uba ne yake tambayar ƙaninsa halin ɗan cikinsa. Tambayata ita ce, yaya ya kamata su karɓe shi, kuma me ya kamata mu da muke nan mu faɗa masa kafin ya tafi?

Tsohon shugaban makaranta, Kumo:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa a tafi a sa'a. A ganina ɗa ba ya zama baƙo a gidan ubansa ko da ya shekara talatin bai taka shi ba, amma wanda ya sha hanya yana da haƙƙin da addini ya ba baƙo, wato liyafar kwana uku. Su yanka masa rago, su kira 'yan uwa Hausawa da ke garin a ci a yi addu'a, domin jama'a su san cewa likita yana da babban ɗa. A rana ta huɗu mahaifin ya zaunar da shi su biyu, ya faɗa masa tsarin gidan: lokacin da ake rufe ƙofa, wanda ake gaya wa idan za a fita, da abin da ake bukata daga gare shi a matsayinsa na babba. Baƙo raɓa ne, shi kuwa zama ya je yi, saboda haka kada a bar shi ya yi ta lalube.

Ma'aikaciyar jinya, 'yar Bolari mazauniyar Ingila:
Baba, Allah ya ƙara girma, shawararku ta yi, sai dai ragon nan a shagon mahauta na halal za a saye shi a yanke, a unguwanni irin su Cheetham Hill ko Longsight, domin ba a kayar da dabba a tsakar gida a can. Abin da nake so Bappa ya isar shi ne maganar gini, domin mutane ba sa kawo ta a rai sai sun gani. A Gombe saurayi ɗan shekara 25 yana da ɗakinsa a zaure ko a ƙofar gida, yana shiga yana fita ba tare da ya ratsa ta gaban mahaifiyarsa ba, abokansa su zo su tafi matan gida ba su gan su ba. Gidan da yawancinmu muke haya a can ɗaki uku ne a sama, na ukun ma gado ɗaya ke cika shi, matakala ɗaya, sau da yawa banɗaki ɗaya, kuma idan mutum ya yi tari a wannan ɗaki ana jin sa a wancan. Babu zaure, babu dakalin ƙofar gida, babu majalisar da zai je bayan isha'i. Duk wata kunya da gininmu na gida yake ɗauke wa mutane, a can sai mutum ya ɗauke ta da kansa.

Sannan lokacin da zai isa yana da ruɗi. Satumba da ɗan sauran rana, zai ce ashe sanyin da ake faɗa bai kai ba. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kafin Disamba rana tana faɗuwa ƙarfe huɗu ba ta cika ba, azahar da la'asar da magariba duk su shigo cikin abin da bai kai awa huɗu ba, kuma babu ladanin da zai ji daga ɗaki. Wanda ya saba da sallah biyar a masallacin unguwa, a wannan watan ne kewa take kama shi, ya yi shiru, iyaye su ɗauka fushi yake yi da su. Su sani tun yanzu, kuma tun makon farko mahaifin ya kai shi masallacin da yake zuwa ya haɗa shi da samarin da ke wurin.

Goggo, Pantami:
Duk kun yi magana a kan uba, ni uwar nake tunani. Ɗan fari ne fa. A tarbiyyar da muka taso a ciki, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama ta yi hira da shi a gaban mutane, ba ta nuna ɗokinsa, kuma mu a nan Gombe da Fulatanci ya ratsa mu abin ya fi tsanani. Wannan alkunya tana tafiya daidai ne a gidan da akwai kaka da goggo da matan bappanni, waɗanda za su yi masa abin da uwar ta kau da kai a kansa. Idan ta ɗauki alkunyar nan ta kai ta gidan da babu kowa sai ita da mijinta da yara, wa zai tambaye shi ko ya ci abinci? Zai ga tana wasa da ƙannensa, tana kiran sunansu, tana rungumar autar, shi kuwa sai gaisuwa daga nesa. Yaron da aka bari shekara tara ba zai fassara wannan da kunya ba, ko da ya san al'adar.

Tsohon shugaban makaranta, Kumo:
Hajiya, ina jin tsoron kada mu koya wa mutane zubar da al'adarsu saboda sun haye teku. Yaron nan a hannun tsohuwa ya tashi, ya fi mu sanin abin da alkunya take nufi, kuma wataƙila shi ne zai fi jin nauyi idan mahaifiyarsa ta tare shi a filin jirgi da runguma.

Goggo, Pantami:
Malam, ban ce ta rungume shi a filin jirgi ba, kuma ban ce ta kira sunansa ba. Tana iya ci gaba da sakaya sunan har ƙarshen rayuwarta. Abin da na ce shi ne aikin da kaka take yi masa ba shi da mai yi a can sai ita, saboda haka ta zauna ta ji yadda ya wuni, ta san abin da yake ci da wanda ba ya ci. Iyayenmu da suka yi alkunya ba su bar ɗa babu mai kula da shi ba, sun miƙa shi ne ga wani hannu.

Wani matashi, Tudun Wada:
Ina neman afuwar iyayena, zan sa baki domin abin ya taɓa faruwa da ni, ko da yake tawa ƙasar Saudiyya ce. A Jidda aka haife ni. Da hukuma ta sa harajin wata-wata a kan iyalan baƙi a 2017, wanda ya fara daga riyal 100 a kan kowane mutum yana hawa har ya kai 400 a 2020, mahaifina ya ga ba zai iya riƙe mu duka ba, sai aka turo ni Gombe wajen kawuna na yi karatu. Bayan shekara shida na koma da bizar ziyara. An karɓe ni da karamcin da ban taɓa gani ba, kuma shi ne ya fi damuna. Kullum a kawo mini abinci a tire a rufe, idan na tashi zan ɗauke kwano a ce in bari, idan na shigo falo a rage muryar talabijin, ƙannena su gyara zama. Ana aiken ƙanina shago a gabana alhali ni ne babba kuma na san hanyar. Na yi wata biyu ina jin kamar a masauki nake, har na fara ƙirga kwanakin komawa. Abin bai sake ba sai ranar da mahaifiyata ta manta, ta yi mini faɗa sosai a kan na bar takalmi a bakin ƙofa, ta kuma miƙo mini kuɗi ta ce in sayo burodi.

Saboda haka ina goyon bayan Baba na Kumo a kan kwana uku, amma kada a ƙara ko ɗaya. A ba shi mabuɗin gida nasa na kansa, a nuna masa inda ake ajiye komai a kicin, a ɗora masa wani aiki da idan bai yi ba za a rasa mai yi.

Ɗan kasuwa, Herwagana:
Tunda an zo maganar ɗora aiki, ni akwai abin da nake ji ana faɗa wanda nake so a yi mini bayani. An ce a ƙasashen nan idan yaro ya balaga iyayensa suna karɓar kuɗin haya a hannunsa. Idan da gaske ne, to Bappa ya ja kunnen yayansa, domin ranar da labari ya iso Jekadafari cewa likita yana karɓar haya a wajen ɗan da ya bari shekara tara, babu bakin da zai wanke shi.

Ma'aikaciyar jinya, 'yar Bolari mazauniyar Ingila:
Alhaji, akwai Turawan da suke yin haka, amma ban ga Bahaushen da ya yanka wa ɗansa haya ba. Sai dai a duba lissafin da idon basira. Ɗalibin da ya zo daga waje kuɗin makarantarsa ya ninka na ɗan ƙasa, ga kuɗin kula da lafiya fam 776 na kowace shekara da ake biya tun wajen neman biza, ga gwajin tarin fuka da ake yi a Abuja ko Legas, ga tikiti. Duk wannan daga albashin mutum ɗaya zai fita. Bizarsa ta ba shi damar aikin awa 20 a mako lokacin karatu, ba fiye ba, kuma ya kiyaye wannan iyaka domin ƙetare ta yana iya jawo a soke bizar. Zamansa a gidan ba zai ƙara musu harajin ƙaramar hukuma ba tunda ɗalibi ne na cikakken lokaci, amma wuta da gas da cefane za su ƙaru. Idan ya fara samun ɗan abin hannu ya ɗauki shinkafa da mai, ko kuɗin intanet, ba haya ba ce.

Tsohon shugaban makaranta, Kumo:
A nan kam ina tare da 'yata. Ko a Kumo saurayin da ya fara ɗaukar albashi yana sauke buhun masara a gidan ubansa, ba a tambaye shi ba, kuma ba wanda ya kira shi haya. Bappa ne ya kamata ya faɗa masa wannan tun a nan, domin ya fito daga gare shi, kada uban ya buɗe baki ya nema.

Mahaifiyar yaron, Manchesta:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Bappan yara ya turo mini abin da ake tattaunawa, na karanta duka, na ga ya kamata in faɗi abin da yake hana ni barci, domin ba ɗaki ba ne kuma ba kuɗi ba ne. Mun riga mun kwashe teburin cin abinci daga ƙaramin falon ƙasa mun sa gado, saboda ɗan Hajiya, wato shi yaron da kakarsa ta riƙe, ya sami wurin da ba sai ya hau sama ya ratsa ɗakin 'yan mata ba. Damuwata ƙannensa ce. Mai bi masa yana da shekara 17, kuma tun yana ɗan takwas shi ne babba a gidan nan, shi yake raka ƙannensa makaranta, shi yake cike mini takardu idan Turancin ya yi mini yawa, shi mahaifinsu yake bar wa gida idan yana aikin dare. Yanzu za a ce masa ga Hamma, wato babban yayansu, ya zo. Ta tsakiyar tana da 14, tana jin Hausa amma da Turanci take mayarwa. Autar kuwa shekararta bakwai, a waya ta san shi, ta taɓa tambayata ko shi ma ɗana ne ko ɗan Hajiya ne, na rasa amsar da zan ba ta.

Yaran nan suna kallon babba a cikin ido idan suna magana, suna tambayar dalili idan an hana su abu, ba sa durƙusawa sai an tuna musu. Na san yadda Hajiya ta tarbiyyantar da shi, kuma ina tsoron ranar da zai ga wannan ya ɗauka raini ne. Goggo ta Pantami kuma, na ji maganarku, ta shige ni. Ban taɓa zama da shi mu biyu na minti goma ba tun yana jariri.

Lauya, Tumfure:
Hajiya, tunda kin kawo wannan, akwai abin da ya wajaba a faɗa masa ƙarara kafin ya hau jirgi, kada a bar shi a hannunka mai sanda. A wajenmu yaya yana da hannu a kan ƙannensa, idan ya tsinka wa ƙani mari ba wanda zai ce don me. A can kada ya kuskura. Yankin Sikotilan ya haramta dukan yaro gaba ɗaya a 2020, yankin Wales ya bi a 2022, a Ingila kuma 'yar kafar da doka ta bari ƙunƙuntacciya ce, ba ta kare wanda ya bar wa yaro tabo. Malaman makaranta suna da nauyin kai rahoto idan yaro ya faɗa musu an doke shi a gida, daga nan ma'aikatan kula da yara su shigo, wani lokaci har da 'yan sanda. Mutumin da yake zaune da bizar ɗalibi, kuma mahaifinsa yana aikin da ake bincikar halin mai yinsa, ba shi da wurin irin wannan magana. Idan ya ga abin da bai yi masa ba ya kai wa iyayen.

Malamin Islamiyya, Kumbiya-Kumbiya:
Maganar lauya gaskiya ce, amma kada a tura yaro da jerin hani kawai, a ce kada ka yi kaza kada ka yi kaza, sai ya zama ɗan kallo a cikin ƙannensa. Yana ɗauke da abin da gidan yake nema, wato Alƙur'ani a ka da Hausa a baki. A ba shi karatun ƙannen bayan magariba, ko na rubu'in awa ne, girman yaya zai zo masa ta wannan hanya ba tare da ya nema ba. Shi kuma mai shekara 17 kada a karɓe masa ko ɗaya daga ayyukan da yake yi, a ƙara masa da cewa shi ne zai koya wa yayansa gari, ya nuna masa motar haya da jirgin ƙasa da yadda ake rajista da likitan unguwa. Kowannensu ya zama malamin ɗan uwansa a wani fanni.

Abu na biyu ya fi nauyi. Ina ganin ya kamata mahaifin ya nemi yafiyarsa a kan shekarun nan, domin ko da niyya ta alheri ce, ƙannensa sun sami abin da bai samu ba, kuma an umarce mu da adalci tsakanin 'ya'ya.

Tsohon shugaban makaranta, Kumo:
Malam, a nan mun rabu. Uba bai yi laifi ba don ya bar ɗansa a hannun mahaifiyarsa ya haddace Alƙur'ani, kuma bai daina ciyar da shi da biya masa makaranta ba ko na wata ɗaya. Idan ya ce a yafe masa, ya nuna ke nan riƙon da tsohuwa ta yi cutarwa ce, wannan kuwa cin fuska ne gare ta. Wa ya ce ma wanda ya tafi shi ne ya ci riba? Wannan ya tashi da harshensa da danginsa da karatunsa, waɗancan suna neman mai koya musu gaisuwa.

Goggo, Pantami:
Ku biyun kuna gardama a kan kalma ne. Ba sai an ce a yafe ba, amma a ba shi labarin yadda abin ya faru, domin na tabbata ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa mun so ɗaukarka, doka ce ta riga mu. Yaro ɗan 16 da ya raka iyayensa filin jirgi aka dawo da shi gida shi kaɗai ya ba kansa wani bayani a ransa, kuma da shi yake kwana har yau. Wannan zaman ba na uba kaɗai ba ne, uwar ma ta kasance a wurin ko da ba za ta ce komai ba.

Ina kuma so in tambayi Bappa abin da ba wanda ya tambaya. Ita tsohuwar da ta riƙe shi shekara ashirin da uku, wa ya shirya ta?

Bappan yaro, Jekadafari:
Goggo, kun taɓo inda yake mini ciwo. Hajiya ba ta ce komai ba tun da biza ta fito, sai dai ta sa an kira mai kilishi ta ba shi kuɗin cinya guda, ta kuma aika Dukku a kawo mata man shanu. Shi ne yake kai ta asibiti, shi yake karanta mata saƙo a waya, shi yake rufe gida da dare. Mun yanke cewa babban ɗana zai koma ɗakin zauren, ko da yake na san ba ɗaya ba ne. Shi ma yaron, da na ce masa ya kusa tafiya gida, sai ya ce mini zai je wajen su Baba dai ya dawo. Ban gyara masa ba.

Na rubuta abin da kowa ya faɗa, zan zauna da shi ranar Juma'a bayan an sauko, maganar lauya da ta buhun masara ni zan faɗa masa da bakina. Maganar yafiya kuwa zan kai wa yayana yadda aka yi ta a nan, da ta Malam da ta Baba na Kumo, ya zaɓa.

Ma'aikaciyar jinya, 'yar Bolari mazauniyar Ingila:
Bappa, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, kilishin nan da man shanun ba za su shiga ba. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga Najeriya shigo da nama ko abin da aka yi da madara, ko busasshe ne, idan aka gani za a karɓe a filin jirgi. Kifi busasshe an yarda da shi har kilo 20, zuma kuma har kilo biyu. Idan Hajiya tana so ya isa da abin hannunta, a nemo mata bandar kifi daga Dadin Kowa. Ku kuma gaya mata cewa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu da naku ɗaya ne, sauran watannin kuna gabanmu da awa ɗaya, saboda ta san lokacin da za ta riƙa jiran kiransa.

Bappan yaro, Jekadafari:
Na gode, zan aika Dadin Kowa gobe. Kilishin an riga an yi shi, yana cikin kwalla a ƙarƙashin gadonta, kuma ni dai ba ni ne zan gaya mata ba. Goggo, idan kuna da hanya ta Jekadafari a makon nan, ku biyo.

Goggo, Pantami:
Zan zo ranar Laraba bayan la'asar in Allah ya yarda. Kada kowa ya ce mata komai kafin nan, kuma a bar yaron ya ci kilishin a gabanta.